Na Ci a Waje

Talata, 3 ga Yuli 1984, da la'asar

Na dawo daga awo. Sista Irene ta ja fatar idona ƙasa da ɗan yatsa, ta juya tafin hannuna ta duba. Can ta ce, "Celina, me kike ci?" Na ce abin da kowa ke ci. Ta ce, "Ba haka na tambaye ki ba. Jiya me kika ci?" Na ce tuwo da miyar kuka. Ba ƙarya na yi ba, ai na taɓa tuwon.

Ta ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, ga ciki ya shiga wata bakwai. Wai in riƙa cin hanta da ƙwai da kifi da wake da ganye. Tana faɗa ina gyaɗa kai kamar 'yar makarantar Lahadi. Ƙwayar ƙarin jini ta ƙare musu tun watan jiya, sai ta rubuta min sunanta in nema a kemis. Na ninke takardar na sa a bakin zane.

Daga kilinik zuwa gida tafiyar da nake yi da tulu a kai ce a da. Yau sai da na zauna a gindin mangwaron makaranta na huta.

Laraba, 4 ga Yuli, da hantsi

Mijina Ɗanladi ya fita tun kafin 'yarmu Grace ta tashi. Har yanzu rigar masaƙa yake sawa, shuɗiyar nan, duk da an rufe ta, ba can zai je ba. Ya ce zai duba kamfanonin unguwar Kudenda ko ana ɗaukar leburori.

Ba zan rubuta maganar masaƙa a nan ba. Abin da ya faru a bakin get a watan Mayu ya faru. Hannunsa ya warke, sai tabo.

Idan ya dawo da yamma na ajiye masa abinci, sai ya ture kwanon ya ce, "Maman Grace, na ci a waje. Na biya ta Makera wurin Tanko." Malam Tanko abokin aikinsa ne, injinsu ɗaya shekara da shekaru. Allah ya saka wa mutumin nan da matarsa Dije. Ko ba komai baki ɗaya ya ragu a gidan nan. Ni ma nakan ce masa na ci da rana. Sai in rufe tuwon, Grace ta karya da ɗumame.

Juma'a, 6 ga Yuli, da azahar

Ruwa tun safe. Ba itace busasshe, ba kalanzir. Mun sha gari.

Lahadi, 8 ga Yuli, bayan sujada

Yau zumuntar mata ce da waƙa. Na ɗaura zanenmu na tsaya a layin baya inda na saba. Muna tsakiyar baiti na ji tulun kiɗa yana nisa, kamar daga ƙetaren kogi ake buga shi, fitilun coci suka zama baƙi-baƙi. Na laluba benci na zauna.

Mama Martha, wadda ɗakinta ke kallon namu a gidan haya, ta sunkuyo ta ce, "Ɗiyata, lafiya?" Na ce zafi ne. Ta ce, "Wane zafi ana wannan ruwa?" Na ce cikin ne kawai.

Bayan an tashi Fasto ya ce duk mai damuwa ya tsaya a yi masa addu'a. Mutane da yawa suka tsaya, fiye da kullum. Ni na ja hannun Grace muka fito. Ina ma zan fara? Kowa ya san maganar masaƙa, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba. Ba na so a karanta sunanmu a gaban jama'a.

Laraba, 11 ga Yuli, da yamma

An ce an kawo shinkafa da madara da sabulu a kantin gwamnati. Na bar Grace wurin Mama Martha na shiga layi. Layin ya zagaye gini ya fito har bakin titi. Sojoji biyu da bulala suna gyara shi. Wata mata ta ce min masu ciki su je gaba, wani soja ya ce babu wannan doka.

Na tsaya har rana ta take. Ƙafafuna suka cika takalmi. Saura kaɗan a zo kaina aka ja ƙofa aka ce ya ƙare, sai wani mako.

Ban yi kuka ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, muna watsewa aka fara yayyafi, ƙanshin ƙasa ya tashi, sai yawuna ya tsinke kamar na ji ƙanshin suya.

Juma'a, 13 ga Yuli, da hantsi

Zan rubuta, tunda ba mai gani sai Ubangiji. Katangar bayan gida ta jar ƙasa ce. Kusan sati biyu ke nan ina ɓantarar ta ina ci. Da farko ɗan guntu, yanzu na yi mata rami har hannu na shiga. Idan ban ci ba hankalina ba ya kwanciya.

Yau Mama Martha ta fito zubar da ruwa ta same ni. Na ɓoye hannu a baya kamar yarinya. Ta ce, "Buɗe bakinki." Na ƙi. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan kwano, rama ce da ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Zauna ki ci ina kallo." Na ci loma uku ko huɗu, sai ga Grace ta zo ta tsaya a jikina, na miƙa mata kwanon. Mama Martha ta kau da kai.

Ita ma jikoki gare ta a ɗaki, ɗanta kuma an sallame shi daga reluwe.

Talata, 17 ga Yuli, da la'asar

Jiya haƙorina na turmi ya gutsure. Ba ƙashi na tauna ba, gasasshiyar masara ce.

Na nuna wa Sista Irene a wurin awo. Ta ɗora ni a sikeli, ta duba kati, ta sake ɗora ni. Ta ce mai ciki ƙaruwa take yi, ni raguwa na yi. Ta kama farcena ta ce, "Kin ga yadda ya lotsa kamar cokali?" Ta tambaye ni ko jijiyar ƙafata na ɗaurewa, na ce kullum. Ko ina cin ƙasa, na kau da kai.

Ta ja kujera ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba yi ba, ga mata cike a benci. Ta ce, "Saurara. Ɗan da ke cikinki ba ya jira. Yana gina jini, yana gina ƙashi. Sinadarin ƙarfe da na ƙashi a abinci ake samunsu. In bai samu a abin da kika ci ba, a jikinki zai ɗiba, a jininki, a ƙashinki. To in naki ya ƙare fa, a ina zai ɗiba? Ƙasar nan da kike ci kuma, ɗan abin da kika samu ma hana shi shiga jiki take yi."

Na ce na ji, Sista.

Ta ce, "Kin sayi ƙwayar?" Na ce kemis ɗin a rufe yake. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta buɗe jakarta ta ba ni 'yan ƙwayoyi a ƙunshin takarda, ta ce nata ne, kada in gaya wa kowa. Ta ce mijina ya zo tana son ganinsa. Ban gaya masa ba.

Alhamis, 19 ga Yuli, da yamma

Ya ci a waje. Na ci da rana.

Asabar, 21 ga Yuli, bayan magariba

Mun yi faɗa, irin wanda ba mu taɓa yi ba.

Ya samu aikin sauke buhunan siminti yini guda. Ya shigo fari fat kamar fatalwa, da ɗan ƙunshi a aljihu. Hanta ce gasasshiya, yanka kaɗan. Ashe Mama Martha ta tare shi a ƙofa tun shekaranjiya ta gaya masa maganar katanga. Ya ce, "Wannan naki ne, ke kaɗai." Ya ɗauki bokiti ya tafi wanka.

Na ci yanka ɗaya. Wallahi na ci. Grace tana zaune a tabarma tana bin hannuna da ido daga takarda zuwa baki. Wuyanta ya yi siriri, gashinta ya fara ja. Wanda ke ciki ban ga fuskarsa ba, ita kuwa ga ta a gabana.

Da ya dawo sai ta ruga ta ce, "Baba, na ci nama!"

Ya ajiye bokitin. Ya ce, "Celina." Rabon da ya kira ni da sunana tun kafin a haifi Grace. Ya ce, "So kike ki mutu ki bar min su?" Na ce, "Kai da kake cin naka a Makera, ka san yadda ake haɗiye abu yaro na kallo?" Ban san inda maganar ta fito ba. Ya fita ya zauna a kan turmi har sauro ya kore shi.

Talata, 24 ga Yuli, da azahar

Wasu 'yan sandan farin kaya biyu masu baƙin takalmi sun sake zuwa neman Ɗanladi kan maganar masaƙa. Na ce ba ya nan. Suka leƙa ɗaki, suka tafi. Ban je awo ba.

Juma'a, 27 ga Yuli, da hantsi

Ƙafa ta kumbura har gwiwa. In na danna da yatsa ramin ba ya tashi. Na share tsakar gida rabi na zauna ina haki, zuciyata na bugawa har cikin kunne. Ƙwayar Sista ta ƙare.

Lokacin cikin Grace, naushi da harbi ba na barci. Wannan shiru-shiru ne. Sai na kwanta na daɗe kafin in ji ɗan motsi, kamar kifi a kwano. Na ce wa kaina mai haƙuri ne.

Litinin, 30 ga Yuli, da yamma

Wani ɗan garinmu direban roka ya biyo da saƙon Mama mahaifiyata daga gida. Acha ce a ƙullin tsumma, ba ta cika mudu ba. Ya ce in yi haƙuri, farin bara ya bar rumbu wayam, su ma ganye suke ci kafin sabon hatsi. Wai Mama ta ce in taho in haihu a gida. Da me zan taho, in kuma na je in ci na wa?

Na yi gwate da yakuwa. Ƙanshinsa ya kai ni ɗakin Mama. Na zuba wa Ɗanladi, na ce yau kam sai ya ci, na gida ne. Ya ɗanɗana cokali biyu ya ce Dije ta cika shi da dambu. Ya tura min. Na tura wa Grace.

Alhamis, 2 ga Agusta, da la'asar

Bayana yana ciwo tun safe, yana zuwa yana tafiya. Lokaci bai yi ba. Saura kusan wata biyu. Ba komai ba ne.

Litinin, 6 ga Agusta, da hantsi, a asibiti

Yau ne na iya riƙe biro. Mama Martha ta kawo min littafin cikin kayana.

Ranar Juma'a da safe ruwa ya fashe. Na tuna motar wani maƙwabci, na tuna gada, kogi ya cika ya yi ja. Na tuna Mama Martha tana cewa direba ya yi sauri. Na haihu, mace ce. Ba ta yi kuka ba sai da aka jijjiga ta, kukan ma kamar na ɗan kyanwa. Suka wuce da ita ban ko taɓa ta ba. Daga nan jini ya ɓalle, ban ƙara sanin komai ba.

Sauran Mama Martha ce ta ba ni labari jiya.

Likita ya ce jinin da na zubar ba shi da yawa, mace mai ƙarfi da ta tashi ta yi wanka. Amma ni ba ni da na zubarwa. A nemo jini maza. Ɗanladi ya naɗe hannun riga ya bi su ɗakin gwaji. Aka ɗiga jininsa aka auna. Mai gwajin ya ce, "Malam, kai ma naka bai ishe ka ba. In na ɗiba a jikinka gado biyu za mu nema." Ya roƙe su, har ya durƙusa. Suka ƙi.

Sai ya tafi Makera da ƙafa. Ya zo da Malam Tanko, aka gwada, ya dace, aka ɗiba. Wani ɗan ƙungiyar matasan cocinmu ya ba da na biyu.

Bayan an gama Mama Martha ta je yi wa Malam Tanko godiya a baranda. Ta ce masa, "Bayan ciyar da shi da kuke yi kullum, ga kuma jini. Allah ya biya ku, kai da Dije."

Ya ce, "Wace ciyarwa, Mama? Rabona da Ɗanladi tun ranar da aka rufe mana get. Na aika masa ya zo cin tuwon Salla ma bai zo ba."

Mama Martha ta ce min Ɗanladi yana tsaye a wurin. Ya juya ya fuskanci bango.

Litinin, da la'asar

Wata biyu da wani abu. Dambun Dije. Ni kuma na ce masa yana cin nasa a Makera.

Talata, 7 ga Agusta, da azahar

An tura ni a keke na gan ta. Kwalbar jarirai guda ce ke aiki, su biyu ne a ciki, ita da wani namiji. Duk tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Fatarta kamar takardar burodi, ana ganin jijiyoyi. Ƙirjinta yana lotsawa in ta ja numfashi. Amma tana da gashi, baƙi, kwance luf, kuma goshin Ɗanladi ne sak.

Nas-nas suna kiranta Jummai. Babanta ya ce Comfort.

Nas ta ce in tatso nono a ba ta ta roba, shi ne maganinta. Na matsa, na matsa, har fata ta yi ja. Ɗigo kaɗan rawaya, bai rufe gindin cokali ba. Ta ce ba komai, zai zo, in ci abinci in sha ruwa. Na tambaye ta ko yunwata ce ta jawo. Ta ce, "Madam, bakwaini ana haifarsa ko a gidan masu kuɗi." Ba ta ce a'a ba.

Laraba, 8 ga Agusta, da yamma

Matan zumunta sun zo. Fasto ya faɗa a coci ranar Lahadi, da sunanmu da komai. Abin da na guda. Sun kawo kunun gyaɗa a fulas, da wake, da dafaffen ƙwai, da farfesun kifi. Dije ta aiko da hanta da alayyafo a kwanon sha mai murfi. Kan akwatin gadona ya cika har ƙasa. Na san gidajen da abincin nan ya fito, na san abin da aka hana yara a kawo shi.

Maman zumunta ta ce, "Celina, me ya sa ba ki faɗa ba? Mu ba 'yan'uwanki ba ne?" Na karɓi kofin kunun da ta miƙo min.

Da suka tafi Ɗanladi ya shigo ya zauna a bakin gado. Sai yau na dube shi sosai. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Rigar masaƙa tana lilo a kafaɗarsa kamar a jikin ƙusa. Ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan, yaya aka yi ban gani ba?

Na ce, "Baban Grace, da rana ina kake zuwa?"

Ya ce, "Gindin gada. Wani lokaci tasha."

"Me kake ci?"

Ya ce, "Rake, in an samu. Ruwan famfo." Sannan ya ce, "Na ɗauka in na bar miki, ke kike ci."

Na ce, "Ni ma na ɗauka kai ka ƙoshi."

Na ɓare ƙwai na miƙa masa. Ya ce naki ne. Na ce in bai ci ba ba zan ci ba. Muka raba. Matar gadon kusa tana kallonmu, manya biyu suna kuka a kan ƙwai ɗaya.

Alhamis, 9 ga Agusta, da hantsi

Ina ci. Duk abin da aka ba ni ina ci, har ina jin amai. Na tatsa, cokali bai cika ba. An ɗauke wuta da safe, kwalbar ta huce kafin a tayar da janareto. Na sa yatsa ta ramin, ta riƙe. Ba ƙarfi, amma ta riƙe.

Juma'a, 10 ga Agusta, da azahar

Nas ta zo ta ja labulen gadona kafin ta yi magana.

Asabar, 11 ga Agusta, da yamma

Ba su bar ni na je jana'izar Comfort ba, wai ba zan iya tsayuwa ba. Na ba da zanen zumuntata aka naɗe ta. Kafinta bai karɓi komai ba, ya ce guntayen katako ne. Ɗanladi ya ɗauke ta a hannu ɗaya. Fasto ya je, da Mama Martha, da maza kaɗan. Malam Tanko ma ya bi su har maƙabarta, ya tsaya daga gefe, da aka zo rufewa ya karɓi shebur.

Sau ɗaya na riƙe ta a jikina, jiya, bayan an cire robar. Ba nauyi ko kaɗan.

Sista Irene ta zo bayan ta tashi aiki. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta zauna, ta ja fatar idona ta duba, ta ce ya fara ja. Ta ce in huta shekara biyu kafin wani, kuma ta samo min ƙwayar. Na ce mata na gode.

Litinin, 13 ga Agusta, da la'asar, a gida

An sallame ni. Grace ta taɓa cikina ta ce, "Mama, ina bebi?" Babanta ya ce ta tafi wurin Yesu. Ta ce, "Can akwai abinci?" Ya ce akwai. Ta ce to, ta koma wasanta.

Talata, 14 ga Agusta, da safe

Na farka rigata a jiƙe har zane. Na ɗauka rufi ne ke yoyo. Ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, yana zafi, yana zuba da kansa ta ko'ina.

Nono ya zo. Mai yawa.

Na zauna a bakin gado na tara kofi, ban san don me ba. Ya cika. Ɗanladi ya shigo da ruwan wanka ya gani, ya tsaya da bokitin a hannu. Ya ce, "In kira Mama Martha?" Na ce kira ta, ta zo da tsohon zane ta ɗaure min.

Kofin yana nan a kan tebur. Ba wanda ya iya zubarwa.